Kundin aiki: gwajin lada ga rukuni da ga ɗalibi a ajin masu koyon malanta

Litinin, 8 ga Satumba

Zangon nan ɗalibai 42 gare ni a kwas ɗin dabarun koyarwa da auna fahimta. Dukansu masu shirin zama malamai ne, kuma zango mai zuwa za su fita aikin koyarwa na gwaji. Zan sauya yadda muke aikin rukuni, in riƙa rubuta abin da ya faru a nan.

Abin da aka saba shi ne a raba aji, a ba kowane rukuni aiki ɗaya, su kawo takarda ɗaya, a ba su maki ɗaya. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san yadda take ƙarewa: mutum ɗaya ya rubuta, na biyu ya buga a kwamfuta, sauran 'yan rakiya ne, sunayensu kawai ke bangon takarda. Wannan ba lalacewar ɗaliban yanzu ba ce. Tun a 1913 wani Bafaranshe masanin aikin gona, Max Ringelmann, ya wallafa cewa idan mutane suka haɗu suna jan igiya, ƙarfin da kowannensu ke sawa raguwa yake yi gwargwadon yawansu. A 1979 Bibb Latané da abokan aikinsa suka sa mutane tafi da ihu, su kaɗai da kuma cikin taro, suka tarar da haka nan: da zarar mutum ya ga ba za a iya ware nasa ƙoƙarin ba, sai ya sassauta.

Tsarin da zan bi shi ne wanda Robert Slavin da abokan aikinsa suka fito da shi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a ƙarshen shekarun 1970, wanda ake kira STAD. Lada na rukuni ne, amma daga gwajin da kowa ya zauna shi kaɗai ake lissafa shi. Kuma ba yawan makin mutum ake dubawa ba, a'a, nisan da ya ci gaba daga inda ya saba tsayawa. Saboda haka rukuni ba shi da wata hanyar samun lada sai ta koyar da mutanensa. Ga masu koyon malanta kuwa, wannan ne ainihin aikin da muke so su iya.

Mako zai tafi haka: Litinin lacca, Laraba zaman rukuni, Juma'a gwaji.

Laraba, 10 ga Satumba

Gwajin farko, tambayoyi 20, kowace maki 5. Ban gaya musu amfanin da zan yi da shi ba. Abin da kowa ya ci shi ne makinsa na tushe.

Da dare na jera sunaye daga na sama zuwa na ƙasa. Goman farko na raba su ɗaya-ɗaya a rukunai goma, goman ƙarshe ma haka, na tsakiya suka cike. Rukunai takwas masu mutum huɗu, biyu masu biyar. Na ɗan yi musaya don kada mace ɗaya ta tsinci kanta ita kaɗai cikin maza uku, ko aminai biyu su mamaye rukuni.

Litinin, 15 ga Satumba

Na karanta rukunai, aji ya ɗauki guna-guni. Kowa so yake ya zaɓi abokansa. Na ce musu ranar da aka tura su makaranta ba su za su zaɓi yaran ajinsu ba, balle abokan aiki.

Sai na rubuta jadawalin Slavin a allo. Wanda ya faɗi ƙasa da tushensa da fiye da maki 10, ya kawo wa rukuni 5. Wanda ya gaza da 1 zuwa 10, ya kawo 10. Daga daidai tushe zuwa 10 a sama, 20. Fiye da 10 a sama, 30. Wanda ya cinye duka, 30 ko nawa ne tushensa. A tara a raba da yawan 'yan rukuni: 15 rukuni mai kyau, 20 mai kyau ƙwarai, 25 zakaran gwajin dafi. Na ba da misali: mai tushe 45 da ya ci 60 ya kawo 30, mai tushe 85 da ya sake cin 85 ya kawo 20. A nan 'yan bayan aji suka gyara zama.

Abu biyu na nanata. Na ɗaya, babu na ɗaya babu na biyu. Duk rukunin da ya kai 25 ya samu, ko da duka goman ne. Tun 1949 Morton Deutsch ya bambanta yanayin da nasararka ke jawo tawa da wanda nasararka ke hana ni tawa, kuma ba na so rukuni ya riƙa addu'ar faɗuwar maƙwabcinsa. Na biyu, makin rukuni ba zai shiga sakamakon kwas ba. Abin da za a rubuta wa mutum a takardar shaidarsa dole ya zama guminsa.

Wani ya ɗaga hannu: "To Malam, in ba maki ba ne, me za mu samu?" Na ce takardar yabo ta mako, da sunan rukuni a allon sanarwa, kuma rukunin da ya kai 25 shi zai fara zaɓar lokacinsa na koyarwar gwaji, wato gajeren darasin da kowa zai koya wa 'yan'uwansa a aji. Ya taɓe baki. Ladan mutum ɗaya kuma: duk wanda ya kawo 30, za a kira sunansa a aji.

Juma'a, 19 ga Satumba

Gwajin Juma'a na ɗaya ya tafi lafiya, minti 20. Duba takardu da lissafi sun ci mini kusan awa uku, galibi wajen neman tushen kowa a takarda. Na zuba sunayen a manhajar lissafi ta kwamfuta, yanzu da na sa maki sai ta fitar da sauran. Rukunai biyu sun kai 25. Na manna cikakken jadawali a allon sanarwa, sunan kowa da abin da ya kawo.

Laraba, 24 ga Satumba

Yau ban zauna ba, zagayawa na yi ta yi. Kowane rukuni takardar atisaye biyu kawai nake ba shi, da takardar amsa biyu, don dole su haɗa kai. Maudu'in makon shi ne rubuta manufar darasi.

Na tsaya bayan Rukuni na 4 ba su lura ba. Gwaninsu ya riƙe takardar yana karantawa: "Ta uku C ce. Ta huɗu A. Ku rubuta." Sauran ukun kai a sunkuye, biro na gudu. Wata a cikinsu ta ce, "Me ya sa 'ɗalibai su fahimci sassan shuka' ba ta yi ba?" Ya ce, "Haka yake a littafi, ki dai haddace." Amsar da take nema mai sauƙi ce, cewa fahimta ba a ganin ta da ido, amma ana iya ganin yaro ya lissafa sassan ko ya nuna su a zane, kuma abin da ake iya gani shi ake iya aunawa. Ya san amsar. Gani yake bayani ɓata lokaci ne.

Noreen Webb ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta daɗe tana nazarin maganar da yara ke yi a ƙananan rukunai. Abin da ta yi ta samu shi ne, mai yin cikakken bayani yana ƙaruwa, wanda aka miƙa wa busasshiyar amsa kuwa ba ya tsira da komai. Ke nan gwanin Rukuni na 4 kansa ma yake cuta.

Dokoki biyu daga yau. Wanda aka tambaya ba zai faɗi amsa ba sai da dalilinta, kuma mai tambaya zai maimaita da bakinsa. Sannan kowa na da lamba a rukuninsa, 1 zuwa 4 ko 5. Minti goman ƙarshe zan ciro lamba, mai lambar ya tashi ya yi wa aji bayani a madadin rukuninsa. Tambayoyin Juma'a ma zan rage na hadda, in ƙara waɗanda ke ba da sabon misali a ce a warware.

Juma'a, 26 ga Satumba

Gwaji na biyu. Maki ya ɗan sauka a ko'ina saboda salon tambayoyin ya canja. Rukuni ɗaya ne ya kai 25.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Satar amsa. Takardu uku daga Rukuni na 9 sun zo da kuskure iri ɗaya a tambayoyi iri ɗaya, har da inda aka goge B aka mai da ita D. Tare suke zaune tun ranar Laraba, sun mai da wurin nasu. In aka duba da kyau, tsarin ne da kansa ya buɗe wannan ƙofa: a da mai ba da satar amsa alfarma yake yi, yanzu kuwa riba yake ci, tunda makin maƙwabcinsa nasa ne.

Na soke makin rukunin na makon, ukun za su sake zama ranar Litinin. Ban kai maganar sama ba, na dai kira su na ce su faɗa mini abin da za su yi in yaran ajinsu ne. Ɗayansu ya ce zai raba musu wurin zama. Na ce to haka za a yi.

Daga mako mai zuwa ranar gwaji zama bisa lamba ne: masu lamba 1 layi ɗaya, masu 2 layi ɗaya. Takardar gwaji kuma kala biyu, tambayoyi ɗaya amma jeri daban. Ƙarin aikin bai wuce rabin awa ba, sai dai duba takardu yanzu da makullin amsa biyu.

Litinin, 6 ga Oktoba

An yi gwaji uku, don haka na sake lissafa tushen kowa daga matsakaicinsu. Matsaloli biyu suka fito, duka daga bakin ɗalibai.

Ta farko daga wadda ta fi kowa maki. Ta ci 90, 90, 95, tushenta ya zama 92. Ta ce, "Malam, ka duba. In na faɗi tambaya ɗaya na kawo 20. In na faɗi biyu na ci 90, na kawo 10. Wanda tushensa 40 ya ci 55 ya kawo 30. Ni laifina ƙoƙari?" Tana da gaskiya. Makin gwajina biyar-biyar yake tsalle, sai rufin ya matse na sama. Na yi gyara: duk wanda ya ci 90 zuwa sama ba zai kawo ƙasa da 20 ba.

Ta biyu da raha aka kawo ta. Wani ya ce ashe dabara ita ce mutum ya faɗi da gangan mako uku, tushensa ya sauka, daga nan ya yi ta kwasar 30. Na ce ya zo allo mu lissafa. Mako uku yana kawo 5 maimakon 20, asarar 45. Mako uku na gaba yana kawo 30 maimakon 20, ribar 30. Daga nan tushe ya sake hawa. Ya ajiye alli yana dariya. Amma ya tono wani abu da gaske: gwajin farko na tushe, shi kam faɗuwa a cikinsa ba ta da asara. Bana na tsira don ba su san tsarin ba. Na baɗi za su ji labari daga waɗannan.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Gwaji na huɗu, sabon zama, ba wata matsala. Rukunai uku sun kai 25.

Laraba, 15 ga Oktoba

Wannan ce ta fi damuna kawo yanzu. Rukuni na 7 mutum uku ne yau, Litinin ma haka. Ta huɗun ba ta zo ba.

A gwajin Juma'a ukun sun kawo 30, 30 da 20. Ita tushenta 62, ta ci 45, ta kawo 5. Matsakaici 21 da ɗoriya. Da ta kawo 20, da sun sami 25 cif. Jadawalin na manne a allo, kowa na iya yin wannan lissafin, kuma sun yi. Da na tambaye su, ɗaya ya ce, "Malam, mu fa mun yi namu." Na biyu ya ce ba wanda ya zage ta, sun dai gaya mata gaskiya. Wata ɗaliba daga wani rukuni ta faɗa mini cewa a dandalinsu na WhatsApp an ɗora hoton jadawalin an zagaye sunanta da ja.

Na aika aka kira ta. Ta ce makon ɗanta ba shi da lafiya, ba ta sami zaman karatu ba. Sannan ta faɗi abin da ya tsaya mini a rai: ta lissafa cewa in ba ta zo gwaji ba, da uku za a raba, rukuni ya huta. Kuma haka lissafina yake, da waɗanda suka zauna kawai nake rabawa. Wato tsarin yana biyan rukuni lada in mai rauni ya zauna a gida.

Litow da Pumroy sun kasa ladan aji kashi uku a 1975: wanda kowa ke samu da aikin kansa, wanda jama'a ke samu ko su rasa saboda mutum ɗaya, da wanda ya rataya a kan haɗuwar aikin kowa. Namu na uku ne a takarda. Amma idan rukuni mutum huɗu ne kuma an baje makin kowa a fili, sai ya rikiɗe ya koma na biyu, a sami wanda za a nuna da yatsa. Matsin abokai shi ne ke sa tsarin aiki, shi ne kuma ke iya korar mutum daga aji.

Abin da na yi: na cire jadawalin. Daga yau matsayin rukuni kawai za a manna, ba lamba, ba sunan kowa da makinsa. Wanda bai zo gwaji ba, sai ya zauna ɗaya kalar takardar kafin Talata, ba za a fitar da sakamakon rukuninsa ba sai ya zauna. Kowa kuma yana da damar jefar da mako ɗaya mafi muni a zango. Na zauna da Rukuni na 7 su huɗu. Tambaya ɗaya na yi wa ukun: ranar Larabar da ta wuce, wa ya tambaye ta inda ba ta gane ba? Shiru. Wanda ya ɗora hoton ya ba ta haƙuri, ya goge. Ban raba rukunin ba, ko da yake ta so haka. Na ce mu ga mako biyu.

Litinin, 20 ga Oktoba

Abokiyar aikina mai koyar da ilimin halayyar yara ta ga takardun yabon a tebur ta ce, "Malam, malamai kake horarwa ko masu farautar takarda?" Muka kwashe awa guda.

Hujjarta mai ƙarfi ce. A 1973 Lepper da Greene da Nisbett suka ɗauki yara 'yan makarantar reno a Jami'ar Stanford waɗanda da ma suna son zane da alƙaluman launi. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu aka ba su ba zato, wasu ba a ba su komai ba. Bayan kwanaki da aka sake ajiye alƙaluman ba wani alkawari, waɗanda aka yi wa alkawarin ne suka fi ja da baya. Takardar yabo fa, irin wadda nake rabawa. Kafin su, Edward Deci ya ga makamancin haka a 1971 da ɗaliban jami'a da aka biya kuɗi don warware wasan ƙwaƙwalwa. A 1999 Deci da Koestner da Ryan suka tattara gwaje-gwaje 128, suka ce ladan abin hannu da mutum ya sa rai da shi yana rage sha'awar aikin, har wanda aka ɗora kan ƙwazo bai tsira gaba ɗaya ba. Yabon baki mai nuna wa mutum abin da ya iya kuwa ƙara sha'awa yake yi, musamman ga manyan ɗalibai.

Na ce mata Malama, ai Cameron da Pierce sun duba irin waɗannan nazarce-nazarce a 1994 suka ce illar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Kuma duk gwajin nan a kan aikin da mutum da ma yake so ne. Wa ya shigo ajina yana ɗokin koya wa maƙwabcinsa bambancin inganci da daidaiton jarrabawa? Ladan rukuni ba karatu yake saye ba, dalili yake ba gwani ya juyo ya kula da na kusa da shi. Ta ce to na mutum ɗayan fa, kiran suna a aji, me yake saye? A nan ba ni da ta cewa. Kiran sunan masu 30 ya zama ganin ido, kuma waɗanda ba a kira ba kowa ya san su.

Mun tsaya a kan abu biyu. Zan daina kiran suna, in koma rubuta wa kowa sharhi a takardarsa. Ruth Butler ta gwada wannan da 'yan firamare a Isra'ila a 1988: wasu maki, wasu sharhi, wasu duka biyu. Masu sharhi kaɗai ne aikinsu ya inganta, waɗanda aka haɗa wa biyun kuwa makin suka kalla suka bar sharhin. Don haka sharhi ranar Litinin, maki sai Laraba. Na biyu, kafin zango ya ƙare zan janye ladan rukuni in ga abin da zai rage.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Sharhin takardu 42 ya ci fiye da awa biyu a kan aikin da. Layi biyu kowa: abu ɗaya da ya kama, abu ɗaya da zai koma ya duba. Rukuni na 7 sun cika huɗu.

Laraba, 29 ga Oktoba

Mun shiga koyarwar gwaji, irin wadda Dwight Allen da abokan aikinsa suka fara a Stanford a 1963: gajeren darasi ga mutane kaɗan, a yi maka gyara, ka sake koyarwa. Minti bakwai kowa. Na ba 'yan rukuni takardar auna ɗan'uwansu, maki 10, da niyyar ya shiga lissafin mako.

Kusan kowa 9 ko 10 ya samu. Har wanda ya juya wa mutane baya ya yi ta magana da allo minti bakwai an ba shi 9, an rubuta "ya yi ƙoƙari". Ba zan ga laifinsu ba. An ce ka auna mutum, an kuma ce makinsa naka ne. Na ajiye takardun, makon nan ba lissafi.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Sabon tsari. Rukuninka ne zai shirya ka, amma wani rukuni za ka koyar. Kowa na ba shi ɗan maudu'i daga babin da aji bai karanta ba, dabarar da na aro daga tsarin da Elliot Aronson ya fara a birnin Austin na jihar Texas a 1971, inda kowane yaro ke riƙe da yankin darasin da sauran ba su da shi. Bayan minti bakwai masu sauraro su amsa tambayoyi uku da ni na rubuta, mai koyarwa bai gan su ba. Abin da suka ci shi ne ma'aunin darasinsa, kuma yana shiga nasu lissafin, don haka ba wanda zai faɗi da gangan. Rashin gasa tsakanin rukunai ya yi rana a nan.

Mutum ɗaya daga rukuninka zai zauna gefe da agogon waya, ba ya ba da maki, ƙirga kawai yake: tambaya nawa ka yi, daƙiƙa nawa ka jira. Mary Budd Rowe ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma in aka kai uku ko fiye, amsoshi kan tsawaita, masu ɗaga hannu su ƙaru.

Gwanin Rukuni na 4 ya yi tambaya shida, biyar shi ya amsa wa kansa. Mai agogo ta ce ko danna wayar ba ta gama yi ba. Masu sauraronsa suka ci tambaya ɗaya-ɗaya cikin uku. Ya ce tambayoyin ne da wuya. Ta miƙa masa wayar.

Rubuta tambayoyi uku-uku ga maudu'i 42 ya cinye mini ƙarshen mako. An ba mu aron ɗakuna biyu, sauran muka rarrabu a kusurwoyi.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Zagaye na biyu, maudu'i ɗaya, sabbin masu sauraro. Makin cigaba daga bambancin zagayen biyu. Na ga rukunai sun haɗu tun kafin lokaci suna yi wa juna atisaye. Gwanin nan na hango shi yana ƙirga yatsu a bayansa bayan kowace tambaya. Wadda ya taɓa ce wa ta haddace, masu sauraronta sun fi nasa ci.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Na sanar cewa mako biyu ba takardar yabo, ba matsayi a allo. Gwaji da sharhi suna nan.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Galibin rukunai ba su canja ba. Uku sun sassauta: Laraba suka zauna kusa da juna amma kowa da littafinsa, zaman 'yan marina. Ukun nan su ne waɗanda tun farko mutum ɗaya ke koyarwa sauran na karɓa. Inda bayani ke zagayawa, inda mai rauni ma ya taɓa tsayawa ya koya wa gwani wani abu, janye takarda bai taɓa su ba. Rukuni na 7 na cikin waɗanda suka riƙe.

Makin gwaji bai faɗi ba, amma ba zan jingina wannan ga lada ba. Roediger da Karpicke sun nuna a 2006 cewa zaman gwaji shi kansa yana sa karatu ya zauna fiye da maimaita karantawa, mu kuwa kowace Juma'a muna yi. Ga sharhi, ga ciro lamba. Abin da idona ya gani lada ya yi shi ne makonnin farko, lokacin da ya sa mutanen da ba su zaɓi juna ba suka fara yi wa juna bayani.

Laraba, 3 ga Disamba

Aikin ƙarshe, kowa shi kaɗai: ya tsara yadda zai yi amfani da lada a ajin da za a ba shi. Na zaci kowa tsarinmu zai kwafo. Kusan rabi sun rubuta kyautar biro da littafi ga wanda ya zo na ɗaya, su da suka shafe zango suna ganin abin da makin cigaba ya yi wa 'yan bayan aji. Abin da mutum ya gani yana yaro ya fi abin da ya gani jiya ƙarfi a hannunsa.

Wasu kuma sun cakuɗa ladan natsuwa da na karatu. Na ba su labarin wasan da Barrish da Saunders da Wolf suka gwada a wani ajin firamare a jihar Kansas a 1969: a raba aji biyu, wanda ya tashi ko ya yi surutu a sa wa ɓangarensa alama, kuma ɓangarorin biyu na iya cin nasara in ba su wuce iyaka ba. Yana kwantar da aji. Amma aji mai shiru daban, aji mai koyo daban, kowanne da ma'auninsa.

Tsari mafi kyau daga wadda aka zagaye wa suna da ja ya fito. Ta rubuta yadda za ta yi da yaron da bai zo ba, da wanda ya faɗi sau biyu a jere, ta kuma ce ba za ta manna makin kowa a bango ba. Na mayar wa masu biro da littafi takardunsu da tambaya ɗaya: yaron da ke na 30 a ajinka, me zai yi gobe ya sami wannan kyautar?

Litinin, 8 ga Disamba

Shirin zango mai zuwa. Makin tushe daga sakamakon jarrabawar zangon baya zai fito, ba gwajin farko. Tambayoyi 25 masu maki 4, don tsallen ya ragu. Ciro lamba da dokar bayani tun makon farko. Ladan rukuni mako shida, daga nan mako ɗaya a tsallake ɗaya, sannan a daina. Rukunai za su sauya a tsakiyar zango, don wanda ya faɗa cikin rukunin da bai haɗu ba ya sami wata dama. Darasin lada da sha'awa, ni da Malama za mu koyar tare a mako na biyar, ɗaliban su yi wa tsarin da suke ciki suka da kansu.

Waɗanda za su fita aikin koyarwa, na nemi mutum goma su gwada makin cigaba a aji ɗaya, su aiko mini da jadawalinsu duk mako biyu. Aikin hutu shi ne tambayoyi: gwaji goma kala biyu-biyu, da na koyarwar gwaji, in gama su kafin a dawo.